MAI ƘERAWA DA MAI TARAWA

A ƙasar Amurka akwai waɗansu manyan filayen wasa da ake shiga da kuɗi, inda aka gina fadoji da jiragen ƙasa da lilo iri iri, kowane sashe an tsara shi bisa wani labari. Mafi shahara shi ne Disneyland, wanda Walt Disney ya buɗe a garin Anaheim na jihar Kalifoniya ran 17 ga Yuli, 1955. Cikin 1971 aka buɗe wani kuma a Fulorida. To, cikin masu ziyartar waɗannan wurare wata al'ada ta tsiro wadda ta cancanci malamai su dube ta. Mutum ya komo gida, wurin yana ransa, sai ya zana shi a takarda, ko ya ƙera ƙaramar siffarsa ya ajiye a kan kanta. Waɗansu kuwa ba su zane, ba su ƙira, aikinsu saye da tarawa.

A da, mai son yin irin wannan siffa sai ya nemi katako ko kwali ko yumɓu. Yanzu akwai injin ɗab'in siffa. Mutum ya tsara abin da yake so a kwamfuta, injin ya narkar da zaren roba da zafin ma'auni wajen 200, ya riƙa shimfiɗa shi hawa bisa hawa, kaurin kowane hawa kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita, har siffa ta tsaya. Wani Ba'amurke, Scott Crump, shi ya ƙago wannan dabara, ya nemi haƙƙin mallakarta a 1989. Da wa'adin haƙƙin ya ƙare a 2009, sai injuna masu araha suka yawaita, har suka shiga ɗakunan mutane.

Ra'ayina shi ne, amfanin wannan al'ada yana ga wanda ya tsara abin da hannunsa. Ga dalilina. Fadar da ke tsakiyar Disneyland tsawonta ƙafa 77 ne kurum, amma mai kallo daga ƙasa sai ya ga kamar ta fi haka nesa. Magina sun yi dabara ne, suka riƙa rage girman duwatsu da tagogi yayin da ginin ke yin sama, ido kuwa ya ɗauka nisa ne ya ƙanƙanta su. Haka aka yi wa benayen da ke babban titin shiga filin. Wanda ya je kallo sau goma yana iya komowa bai lura ba. Amma wanda ya zauna zai ƙera fadar, tilas ya tara hotuna, ya auna, ya raba, ya gwada, in ƙofa ta fito a karkace ya sake. Kafin ya gama ya koyi lissafin gwargwado, ya koyi yadda ido ke ruɗuwa, ya kuma koyi haƙuri. Shi kansa Walt Disney ta nan ya bi. A 1950, tun ba a aza harsashin filin ba, ya shimfiɗa ƙaramin jirgin ƙasa a bayan gidansa, girmansa kashi ɗaya cikin takwas na jirgin gaske.

Sai mu dubi ɗaya mutumin. Ya shiga intanet, ya ɗauko tsarin da wani ya kwana yana yi, ya danna maɓalli, ya tafi barci. Da safe ya tarar da siffa, ya ce shi ya yi. Me ya koya? Zanen aro ba ya rufe katara. Ban ce tarawa laifi ba ce, gama mai saye shi ke riƙe da mai sana'a, kuma siffar wurin da aka rushe takan zama abin tunawa. Amma in son tarawa ya wuce iyaka, hankali yakan gushe. Tun da kamfanin ya soma al'adar musayar bajo a 1999, jabu ya cika kasuwar. Cikin 2023 kuma, da aka rufe wasan nan na ruwa mai suna Splash Mountain, an ga waɗansu suna tallar ruwan wurin cikin kwalabe a eBay.

Akwai kuma maganar haƙƙi, wadda ba ta da sauƙi. Siffofin nan dukiyar kamfani ne, kuma an san shi da tsaron kayansa. A 1989 ya tilasta wa makarantun renon yara uku a garin Hallandale na Fulorida su shafe zanen Mickey Mouse da 'yan'uwansa daga bangonsu. A ganina wannan tsanani ya yi yawa, domin ba wanda ya yi asarar kwabo saboda zanen bangon yara. Amma mai buga siffa ɗari ya kai kasuwa, alhali bai tsara ba, bai kuma nemi izni ba, ya ci haƙƙi biyu, na kamfani da na mai tsarin. Hanya madaidaiciya tana nan, har kamfanin ya taɓa bin ta. A 2012 ya buɗe wani ɗakin nuni kusa da Disneyland, WonderGround Gallery, don sayar da aikin masu zane da izninsa. Kana ran 1 ga Janairu, 2024, siffar Mickey ta farko, watau ta 1928, ta fita daga hannun kamfanin bisa dokar Amurka, ko da yake yawancin siffofinsa na baya suna nan a hannunsa.

Na san waɗansu masu karatu za su tuna da hukuncin sassaƙa siffar mai rai. Wannan fage ne na malaman addini. Abin da zan ce kawai, babban rabon aikin nan gine-gine ne da jirage da alluna da taswira, kuma darasin da nake nufi duk yana cikinsu.

Saura jan hankali ga malaman makaranta. Injin nan ya soma shiga makarantu a ƙasashe da yawa, kuma duk inda ya shiga, jarrabawar ɗaya ce. In an bar yara suna ɗauko tsarin wasu suna bugawa, an sayi inji mai tsada don a tara tarkace. Kada malami ya hana yaro kwaikwayon abin da yake ƙauna, domin da koyo akan iya, kuma ƙauna ita ke zaunar da yaro awa uku a kan aiki ɗaya. Amma ya sa masa sharaɗi: ya auna da kansa, ya zana da kansa, ya faɗi sunan wanda ya kwaikwaya. In ya iya wannan, a tura shi ya auna ƙofar gari ko soron makarantarsu, ya fitar da siffarsu. Inda babu inji, ma'auni da fensir da kwali sun isa a fara. Allah ya sa mu gane.