Kyanwar mangaza ma'aikaciya ce, mu biya ta hakkinta



Yau maganarmu a kan wata ma'aikaciya ce da ba ta da albashi. Idan muka rufe mangaza da magariba muka tafi gida, wa ke gadin buhunan hatsi da masara da garin rogo? Kyanwa ce, wadda wasunmu ke kira mussa. Mage mai kwanciyar ɗaukar rai! Buhu ɗaya da ɓera ya fasa ya ishi ya cinye ribar sati. Amma da me muke saka mata? Da ragowar miya da kifin da ya lalace.

Likitocin dabbobi sun tabbatar ciwon ƙoda na cikin cututtukan da suka fi kama kyanwa in ta manyanta. A ɓoye yake shiga. Kafin mu ga alama, galibi kusan kashi 2 cikin 3 na aikin ƙoda ya riga ya tafi. Alamun kuwa su ne yawan shan ruwa, yawan fitsari, rama, amai da ƙin abinci. Mu sai mu ce tsufa ne.

Cikin abubuwan da ke ƙara cin ƙodar akwai abin da za mu iya kira tsatsar jiki. Duk mai saida man gyaɗa ta san in ta bar shi a buɗe cikin rana yakan sauya wari da ɗanɗano. Iskar da muke shaƙa ce ke yin wannan aiki, ita ce kuma ke sa kwanon rufi tsatsa. Irin haka na faruwa cikin jiki, kuma ƙodar da ta fara rauni ta fi jin jiki. A 2006 wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna ƙara bitamin E da C da sinadarin da ke sa karas ja cikin abincin kyanwoyi masu ciwon ƙoda yana rage wannan ɓarna. Ƙoda in ta lalace ba ta komawa daidai, amma abinci na iya jinkirta mutuwarta.

Mun sani, abincin gwangwani na musamman da ake saidawa a Turai ba na aljihunmu ba ne. To amma akwai abin da ba ya cin ko dala.

Na farko, albasa. Gaya hanyar albasar Galmi ce zuwa Malanbil, kuma babu miyarmu da ba ta da ita. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jinin kyanwa. Kada a juye mata ragowar miya.

Na biyu, kifi. Ga kogin Kwara a bakin ƙofarmu. A ba ta tsokar kifi ko nama dafaffe marar gishiri da magi. Kifi mai maiƙo da ya daɗe ya yi wari yana cinye bitamin E na jikinta, ƙashi kuma cike yake da fosfor, wanda ke wahalar da ƙoda mai rauni.

Na uku, ruwa. Asalin kyanwa dabbar busasshiyar ƙasa ce, ba ta cika jin ƙishi ba. Kafin mu sa kwaɗo, mu aje mata kasko da ruwa mai tsabta, balle lokacin bazara.

Na huɗu, kada a ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. In ta rame, a kai ta wajen ma'aikatan kiwo.

Wani zai ce mutane ma ba su ƙoshi ba, ana zancen mage. Muna jin wannan. Amma ranar da ta mutu, maganin ɓera za mu saya mu zuba kusa da abincin da muke saida wa jama'a, inda yaranmu ke rarrafe. Wanne ya fi araha?

Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.