Zuwa ga Masu Horar da 'Yan Mata Gudu: A Kan Faith Kipyegon

Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da sammako, don na san yawancinku rana a fili take iske ku, usur a wuya, agogo a hannu. Da malaman motsa jiki na makarantun 'yan mata nake, da kocinan hukumomin wasanni na jihohi, da waɗanda ba wanda ya ɗauke su aiki, son abin ne kawai ya tsayar da su a bakin fili.

Maganata a kan Faith Kipyegon ce, 'yar ƙasar Kenya. Ranar 5 ga Yulin 2025, a garin Eugene na Amurka, ta cinye mita 1,500 cikin minti 3 da daƙiƙa 48.68. Ku da kuka san aikin kun san abin da hakan ke nufi: zagaye uku da kashi uku cikin huɗu na fili, kowane zagaye a kan kusan daƙiƙa 61, babu sassauci. Ba macen da ta taɓa yin haka. Wataƙila wasunku sun nuna wa ɗalibansu bidiyon a waya, kuma ba laifi. Abin da nake gudu shi ne ku riƙe abin da agogo ya nuna ku manta da abin da kalanda ta nuna. Shekararta 31 a ranar. Duniya ta fara ganinta tana da 16, amma ba ta kafa tarihin duniya na farko a tseren mutum ɗaya ba sai tana da 29. Shekara 13 ke tsakani, kuma a cikin waɗannan shekarun aikinku yake.

Ku duba inda ta faro. A 2010 aka kai ta Bydgoszcz ta ƙasar Polan, gasar duniya ta gudun daji ta matasa, ta yi gudu ba takalmi, ta zo ta huɗu. Shekara ta zagayo ta lashe gasar a Sifaniya, nan ma ƙafa a ƙasa, ta sake lashe ta a 2013. 'Yan jarida suna son maganar rashin takalmin nan, ni kuwa ba ita ce ta ja hankalina ba. Abin lura shi ne yarinyar da za ta mallaki mita 1,500 ta gina jikinta ne a kan ciyawa da taɓo da hawa da gangara, a tseren kilomita 6. Tseren matsakaicin zango huhu da zuciya ke ɗaukar mafi yawan nauyinsa, saurin ƙafa yana zuwa ne a kan abin da suka gina. Wanda ya tsare 'yar shekara 14 a fili kullum yana sa ta maimaita mita 400 da iyakar ƙarfinta zai ga ci gaba cikin wata biyu, ya ci gasar makarantu, ya sha tafi. Bayan shekara biyu ku tambayi labarin yarinyar.

Sannan ku duba yadda ta hau matakalar manya. Ta ci zinariya a gasar matasa ta duniya a Barcelona a 2012, amma da ta je Olamfik na Landan a wannan shekarar ko zagaye na biyu ba ta kai ba. A gasar duniya ta Mosko a 2013 ta zo ta biyar. A Beijin a 2015 ta zo ta biyu, bayan Genzebe Dibaba ta Habasha. Sai a Riyo, a 2016, zinariyar Olamfik ta shiga hannunta. A wurare da yawa, yarinyar da aka kashe wa kuɗin jirgi ta dawo ba ta tsallake zagayen farko ba, shi ke nan an shafe sunanta, a nemo wata. Da haka aka yi wa Kipyegon da ba mu san ta ba.

A nan dole in taɓo abin da kowa ya sani ba a son faɗa, wato rage shekaru. Kocin da ya sa budurwa mai shekara 20 a tseren 'yan 16 ya cuci yaran da ta wuce, ya kuma cuci kansa, domin daga ranar ba zai ƙara sanin gaskiyar matsayin ɗalibarsa ba. Tsarin atisaye a kan shekaru ake gina shi. In shekarun ƙarya ne, tsarin ma ƙarya ne.

Akwai wata yarinya da ya kamata ku san labarinta tare da na Kipyegon. Mary Cain 'yar Amurka ce, ta girgiza ƙasarta tun tana makarantar sakandare, har ta kai tseren ƙarshe na mita 1,500 a Mosko a 2013 tana da shekara 17, tseren da Kipyegon ta zo ta biyar. A 2019 ta fito ta faɗa wa duniya cewa matsin da aka yi mata na ta rage nauyi ya sa al'adarta ta ɗauke har shekara uku, ƙasusuwanta biyar suka karye. Malamai, wannan ba maganar kunya ba ce, maganar aikinku ce. Yarinyar da take gudu kullum ba ta cin abin da ya kai wanda take ƙonawa, jikinta zai fara rufe wasu ayyukansa, ƙashi ya yi rauni. Ɗaukewar al'ada ga mai gudu alamar haɗari ce, ba alamar ƙwazo ba. Haka ƙarancin jini: yarinya ta riƙa haki da wuri, ku ce lalaci ne, alhali gwajin jini ɗaya a asibiti zai nuna muku matsalar. Na san namiji ba zai iya yi wa 'yar mutane waɗannan tambayoyin ba, kuma bai ma dace ba. Shi ya sa kowace ƙungiya take buƙatar mace babba, malama ko ma'aikaciyar jinya, wadda yaran za su iya faɗa wa abin da ke damunsu.

Mu koma Riyo, don akwai darasin dabara a can. Lokacin da ta ci zinariyar da shi 4:08.92 ne, wanda bai kai saurin da ta yi tana yarinya a Barcelona ba, 4:04.96. An fara tseren kamar ana rakiyar amarya, kowa na jiran kowa, sai da aka ci rabi sannan Dibaba ta ɓalle. Kipyegon ta manne mata, ta wuce ta a zagayen ƙarshe. Tseren lambar yabo daban yake da tseren agogo. Ku koya wa yara gudu cikin cinkoso, yadda za su kare wurinsu ba tare da an kulle su a layin ciki ba, yadda za su sauya sauri ƙafa ta riga ta gaji, da inda ya kamata su kasance idan aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe. Ku ma ku karanta dokokin gasa. A Olamfik na Faris a 2024 ta zo ta biyu a mita 5,000, alƙalai suka kore ta saboda gogayya da Gudaf Tsegay ta Habasha, jami'an Kenya suka ɗaukaka ƙara, aka mayar mata da azurfarta a daren. Washegari da safe tana fili a zagayen farko na mita 1,500, kuma ranar 10 ga Agusta ta ci zinariya da 3:51.29, ta zama mutum na farko, mace ko namiji, da ya lashe wannan tseren sau uku a Olamfik. Da jami'anta ba su san yadda ake shigar da ƙara cikin lokaci ba, da lamba ɗaya ta salwanta.

Yanzu ga inda na fi so ku tsaya. Bayan ta ci gasar duniya a Landan a 2017, tana kan ganiyarta, sai ta ajiye gudu don ta haihu. Mijinta Timothy Kitum shi ma ɗan tsere ne, ya ci tagulla a mita 800 a Landan a 2012. Ta haifi 'ya mace a Yunin 2018, kuma tiyata aka yi mata. Kusan shekara biyu ba a gan ta a gasa ba. Ba ta yi garajen dawowa ba. Da ta tashi dawowa sai ta koma sansanin Kaptagat ƙarƙashin Patrick Sang, wanda shi kansa ya ci azurfa a Olamfik na 1992, kuma shi ne kocin Eliud Kipchoge. A can take bin masu gudun fanfalaki dogon gudu, abin da wasu za su ce ba ruwan mai mita 1,500 da shi. Ta dawo a ƙarshen Yunin 2019 ta ci tserenta na farko, a gasar duniya ta Doha kuma ta zo ta biyu bayan Sifan Hassan da 3:54.22, lokacin da ya fi duk abin da ta taɓa yi kafin haihuwa.

Ku lissafa da kanku. Zinariyar Olamfik biyu cikin ukun da take da su, ta Tokyo da ta Faris, bayan haihuwa ne. Uku cikin kambunta huɗu na duniya a mita 1,500, wato na 2022 da 2023 da 2025, bayan haihuwa ne. Duk tarihin duniya da ta kafa a tseren mutum ɗaya, bayan haihuwa ne, misali 3:49.11 a Florence ta Italiya ranar 2 ga Yunin 2023, inda ta karya na Dibaba da ya tsaya tun 2015, sai 14:05.20 a mita 5,000 a Faris bayan mako guda, sai 4:07.64 a mil ɗaya a Monako cikin Yuli. A wajenmu, ranar da aka sa wa yarinya rana, ranar koci ke cire sunanta daga littafi, wani lokacin ma kafin miji ko iyaye su ce komai. Na yarda ba kowane gida zai amince ba, kuma ba aikinku ba ne ku shiga tsakanin mata da miji. Amma kada ku zama ku ne na farkon yanke hukunci. Ku je ku zauna da mutanen gidan, ku yi maganar tufafin da za ta yi gudu da su, da lokacin atisaye, da wadda za ta raka ta tafiya. Idan ta haihu kuma, likita ne zai ce ga lokacin farawa, a fara da tafiya da ƙafa.

Wani zai ce ai Kenya tudu ce, Kaptagat tana kan tsawon kusan mita 2,400, iskar can mai ƙarancin iskar shaƙa ce ke ƙara musu jini. Gaskiya ne tudu na taimakawa, shi ya sa yawancin masu dogon gudun Nijeriya daga Filato suke fitowa, musamman wajen Pankshin. Sai dai dubban yara ne ke zaune a tudun Kenya, Kipyegon kuwa ɗaya ce.

Game da yunƙurin da ta yi a Faris ranar 26 ga Yunin 2025, wanda kamfanin Nike ya shirya don ta gama mil ɗaya ƙasa da minti huɗu, ra'ayina shi ne ku kalla don sha'awa, kada ku ɗauke shi darasi. An kewaye ta da masu kare mata iska, galibinsu maza, ga takalmi da tufafi na musamman, ta ƙare da 4:06.42, kuma ba ya cikin lissafin tarihin duniya. Kwana tara bayan nan ne ta yi na Eugene, a tseren gaske, tsakanin mata 'yan uwanta.

Roƙona na ƙarshe ƙarami ne. Kowannenku ya buɗe wa kowace yarinya shafi a littafi: ainihin ranar haihuwarta, nisan da ta yi a mako, ranakun hutu, ciwon da ta yi kuka da shi da ranar da ya fara. Idan ta gama makaranta ko aka yi muku canjin wurin aiki, ku miƙa shafin ga wanda zai karɓe ta.