Jerin 'yan wasan Coton Sport na baɗi: ku fara da goge sunan wanda kuka fi so

Ba a daɗe da rufe kakar wasa ba, amma tuni samari a Maruwa suka gama zaɓa wa Coton Sport ta Garwa 'yan wasan da za su buga mata baɗi. Ran nan da daddare, a teburin mai shayi a Domayo, wani yaron maƙwabcina ya miƙo mini wayarsa. Ya jera mutum goma sha ɗaya, kowa a gurbinsa, har da na benci, har da wanda zai ɗaura ƙyallen kyaftin. Ya ce, "Baba, duba mana, da wannan jerin wa zai tare mu?" Na duba. Gaskiya yaron ya san ƙwallo. Sai na tambaye shi, cikin waɗannan wa ka fi ji da shi? Ya nuna mini ɗan wasan gaba. Na ce to goge shi, ka sake lissafi. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi.

Ba wasa nake yi ba. Duk wanda ya daɗe yana bin Coton ya san cewa ɗan wasan da ya fi haskawa bana, shi ne wanda ba za ka gani ba baɗi. Don haka hasashen da ya dogara da sunan gwani, hasashe ne da aka gina a kan yashi. Abin da ya kamata mu riƙa tambaya shi ne, wa ke bayan gwanin, kuma an shirya shi?

Wannan al'ada ta fitar da jerin 'yan wasa tun kaka ba ta zo ba, a wasu wurare tana da tushe. A Amurka, da zarar an gama gasar ƙwallon sanda da suke kira bezbol, marubuta kan zauna su lissafo mutum 26 da kowace ƙungiya za ta fara sabuwar kaka da su, kuma sau da yawa ba sa kuskure sosai. Dalili kuwa, a can ɗan wasa yana ɗaure da ƙungiyarsa har sai ya cika kaka shida a babbar gasa kafin ya samu 'yancin tafiya inda ya ga dama, kuma kowa ya san kwantiragin wane yaushe zai ƙare. Mai hasashe yana da abin kamawa. Mu a nan, waya ɗaya daga wani dillali a Turai ko Afirka ta Kudu ta isa ta wargaza jerin da ka kwana kana tsarawa.

Mu waiwaya baya kaɗan. Jacques Zoua ya bar Garwa zuwa Basel ta Suwizalan a 2009. Vincent Aboubakar, wanda ya je gasar cin kofin duniya ta 2010 yana ɗan wasan Coton, a shekarar ya koma Valenciennes ta Faransa. Edgar Salli ya tafi Monaco a 2011. Ambroise Oyongo ya tafi New York Red Bulls a 2014. Zambo Anguissa, wanda yau yake Napoli, ta nan ya bi kafin ya isa Marseille a 2015. Moumi Ngamaleu ya tafi Altach ta Ostiriya a 2016. Ka ga kusan babu shekara biyu a jere da ba a ɗauke wani ba. Wannan abin alfahari ne, ban musa ba. Ranar da Aboubakar ya zura wa Masar ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017, da ranar da ya zura wa Brazil a Qatar a 2022, babu ɗan arewacin Kamaru da bai ji kamar ɗansa ne ya ci ba.

Amma akwai tafiya ɗaya da har yau take ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Souaibou Marou yana cikin tawagar Kamaru da ta je Qatar a ƙarshen 2022, yana ɗan wasan Coton. A watan Janairun 2023 ya koma Orlando Pirates ta Afirka ta Kudu. A watan Fabrairu aka fara wasannin rukuni na gasar zakarun Afirka, Coton tana rukuni ɗaya da Al Ahly da Mamelodi Sundowns da Al Hilal ta Sudan. Wasa shida aka buga, shida aka ci mu. Ko maki ɗaya ba mu tsira da shi ba. Ba ina cewa da Marou yana nan da mun doke Sundowns ba ne, rukunin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Abin da nake cewa shi ne, ƙungiyar da za ta shiga irin wannan rukuni, kuma mai ci mata ƙwallo ya tafi ana saura makonni, dole ne a ce akwai wani da aka riga aka dafa, ba wanda za a fara hura wa wuta a ranar ba.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta. Za a ce ai haka Coton take sayar da 'yan wasa tun fil azal, kuma hakan bai hana ta ɗaukar kofin Kamaru sau 18 ba, daga na farko a 1997 zuwa na 2023. Gaskiya ne. Ƙungiyar da aka kafa a 1986 ta zo ta sha gaban Canon ta Yawunde da Union ta Duwala a yawan kofin lig, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai mamaye gida ya ɓoye mana wani abu. A gida, ko an ɗauke gwaninka, tsari da albashin da ke zuwa daga kamfanin auduga na Sodecoton sun isa su riƙe ka a sama. A Afirka ba haka ba ne. Kuma yanzu ko a gidan ma abin ya fara canzawa: Victoria United ta Limbe ta ɗauki kofin 2024, Colombe ta Sangmelima ta ɗauki na 2025. Shekara biyu a jere kofi yana kudu. Ga wanda ya taso yana ganin Coton ta ɗauka sau shida a jere daga 2003 zuwa 2008, wannan kamar fari ne.

To ga nawa hasashen, kuma da gangan ba zan sa suna ko ɗaya ba, gurbi zan lissafa.

Mutum huɗu nake so in ga ba a taɓa ba: mai tsaron raga, 'yan baya biyu na tsakiya, da ɗan tsakiya mai tare gaban 'yan baya. Waɗannan su zama manya, waɗanda suka haura shekara 26 ko 27, waɗanda Turai ta riga ta daina leƙensu. A nan ne ya kamata kuɗi ya tafi. A ba su kwantiragin shekara biyu ko uku, a biya su yadda wata ƙungiya a Yawunde ba za ta yaudare su da ƙarin 'yan kuɗi kaɗan ba. Mutane ba sa son jin wannan, domin sayen mai tsaron baya ɗan shekara 29 ba ya sa a yi ta yaɗa hotonsa a Facebook. Amma ku tuna tawagar da ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008. Al Ahly ta ci mu 2-0 a Alƙahira, aka tashi 2-2 a Garwa. Wanda ke raga a tafiyar nan Kassaly Daouda ne, ɗan Nijar, kuma ya yi shekaru a ƙungiyar. Tawagar ta san juna. Irin wannan sanin junan ne ya sake kai mu wasan kusa da na ƙarshe a 2013, inda Al Ahly ɗin dai ta fitar da mu, a bugun fenareti.

Sunan Kassaly ya tuna mini wani abu da nake ganin ya kamata a riƙe da kyau. Shi da Kamilou Daouda, ɗan wasan gaba, daga Nijar suka zo suka zama 'yan gida a Garwa. Garwa ta fi kusa da Yola nesa ba kusa ba a kan Duwala. Njamena ma ba ta kai nisan Yawunde ba. Yaron da ya taso a Maraɗi ko Yola ko Njamena ya san zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya san abincinmu, zai ji Hausa ko Fulatanci a kasuwa. Ba sai an yi wata shida ana lallashinsa ya saba da gari ba. A jerin nawa, gurbi biyu ko uku na maƙwabta ne.

Gefen baya na dama da na hagu, da 'yan gefe na gaba, a bar wa yaran da ƙungiya ta rena da kanta. Nan ne gudu yake, nan ne kuskuren yaro ba ya kashe wasa nan take. Nan ne kuma nake da ƙorafi a matsayina na mutumin Maruwa. Duk yammacin duniya filayen unguwanninmu cike suke da yara, haka Mokolo, haka Yagwa, haka Kuseri. Da can muna da Sahel FC a babbar gasa, yaro yana da inda zai nuna kansa ba tare da ya bar gida ba. Yau idan mai neman 'yan wasa bai tako ya zo ba, yaron nan sai dai ya ƙare a kan babur yana ɗaukar fasinja. Tsakanin Garwa da Maruwa tafiyar kusan kilomita 200 ce. Ba nisa ba ne ga ƙungiyar da ke zuwa Alƙahira.

Sai gurbin mai cin ƙwallo, inda na ce wa yaron nan ya goge. A nan mutum uku nake rubutawa, kuma na farkon da fensir. In ya zura goma sha kafin tsakiyar kaka, to ku yi masa addu'a, tafiya zai yi. Na biyun dole ya riƙa samun minti ashirin ko talatin a kowane wasa tun daga makon farko, ko da magoya baya za su yi ta ihu don an cire gwani ana cin ɗaya da nema. Na ukun yaro ne da bai cika 18 ba. Dokar FIFA ta hana a kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai, don haka shi kaɗai ne kake da tabbacin zai kwana a Garwa har ƙarshen kaka.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ba na cikin masu cewa a hana yaro tafiya. Wanda ya ga gidan da yawancin yaran nan suka fito ba zai iya buɗe baki ya ce a riƙe su ba. Rayuwar ɗan ƙwallo gajera ce, rauni ɗaya a gwiwa ya gama da ita, kuma bayan kowane yaro akwai uwa da ƙanne da ke jira. A sayar, amma a san yadda za a sayar. Idan mai saye ya zo a Janairu, a ce masa mun yarda, sa hannu yau, amma yaro zai ƙarasa mana kaka a matsayin aro. Ƙungiyoyi da yawa a duniya haka suke yi. In ya ƙi, to farashin Janairu ya fi na Yuli, ya biya bambancin. A kuma rubuta cewa duk ranar da aka sake sayar da yaron gaba, Coton tana da kaso. Dokar FIFA ma ta tanadi kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Wannan kuɗin ba ya zuwa da ƙafarsa, sai an ajiye takardun kowane yaro daidai, an kuma sa mutum yana bibiya. Ni a wajena, ma'aikacin da ke riƙe da waɗannan takardu yana cikin jerin 'yan wasan baɗi, ko da ba zai taɓa sa riga mai lamba ba.

Akwai kuma batun yawa. Masu tsara jeri a waya suna tsayawa a kan sha ɗaya da 'yan benci biyar. Ƙungiyar da ke Garwa ba za ta rayu da haka ba. Yawancin abokan karawarta suna kudu. Wanda ya taɓa bin mota daga Garwa zuwa Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya san abin da tafiyar ke yi wa jiki, balle a ce za ka sauka ka buga minti casa'in. Ko jirgin sama aka samu, ƙungiyoyin Duwala da Yawunde suna buga rabin wasanninsu na waje kusa da gida, mu kuwa kusan kowane wasan waje balaguro ne. Don haka ina ganin ƙasa da mutum 26 da za a iya dogara da su, ganganci ne.

Abin da ya sa nake damuwa har haka, Coton ba ƙungiyar Garwa kaɗai ba ce. Daga Ngaundere har Kuseri, ita ce abin da muke nunawa idan ana maganar ƙwallo. Mun ga yadda filin Roumdé Adjia ya cika a Janairun 2022, lokacin da Najeriya ta buga wasanninta na kofin Afirka a can, ta doke Masar da ci ɗaya, daga baya Tunisiya ta fitar da ita. Mutanen Yola da Mubi sun tsallako, garin ya zama kamar ranar sallah. Filin yana nan, an gyara shi, masu kallo suna nan. Manomin audugar da guminsa ke riƙe da kamfanin da ke riƙe da ƙungiyar, yana da haƙƙin ya ga tawagar da ba ta rushewa duk watan Janairu.

Yaron maƙwabcin nawa ya dawo bayan kwana biyu da sabon jeri. Ya goge ɗan wasan gaban kamar yadda na ce, amma gurbin ya bar shi fayau, ya ce ya rasa wanda zai sa. Na ce ya ajiye jerin, kada ya goge, mu sake buɗe shi a makon farko na Fabrairu.