Bashin da Korona ta bari, yara ke biyan sa

Mai karatu, duk wanda ya ce maka mun gama da Korona, ka tambaye shi ko ya duba katin rigakafin 'ya'yansa. An daina sa takunkumi, amma a tagar da nake ba da magani har yau ina ganin abin da ta bari.

A shekarar 2020, da aka hana zirga-zirga, iyaye mata suka ƙaurace wa asibiti, wasu don tsoron kamuwa, wasu don tsoron a killace su. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a 2021 kaɗai yara miliyan 25 a duniya ba su samu cikakkiyar allurar da ke kare su daga mashaƙo ba. Mu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, goma ce ta haɗu da goma. Korona ba ta lafa ba aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya, aka hana sayar da fetur a jarka. Ma'aikacin da zai ɗauki akwatin sanyi a kan babur ya shiga ƙauye, da wane mai zai je, wa zai kira idan hanya ta ɓaci? Jariran waɗannan shekarun sun girma babu kariya, kuma daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Kano, ya ratso Katsina.

Hukumomi suna da nasu laifin. Fenti da sabon allo a ƙofar asibitin ƙauye ba farfaɗowa ba ne, muddin babu ma'aikacin da zai iya kwana a ciki, babu firji mai aiki. Amma ba zan ɓoye maka naka ba. Wa ya tura saƙon WhatsApp ɗin nan da ke cewa allura tana hana haihuwa? Jita-jitar an yi ta ne a kan allurar Korona, sai ga shi ta shafi Penta, wadda aka daɗe ana yi wa jarirai kyauta a sati 6 da 10 da 14 tun kafin mu ji sunan annobar.

Wata rana wani uba ya miƙo mini ragowar amoxicillin da ya saya a kemis, yana neman "wanda ya fi ƙarfi". Kwana huɗu yaron ba ya haɗiye abinci, har an kai shi wurin wanzami an cire beli. Ban ga laifinsa a kan neman sauƙi ba, kowa ya san yadda magani ya yi tsada tun 2023. Sai dai mashaƙo dafi yake saki a jiki, yana taɓa zuciya, kuma allurar da ke karya dafin ba a sayar da ita a kemis.

Idan ka ga zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wuya ya kumbura, ko wani abu fari-fari mai ruwan toka ya lulluɓe maƙogwaron, kada a kankare shi, kada a jira gobe. A raba yaron da sauran, a nufi babban asibiti. Yaran gidan kuwa a fito da katinsu yau. Wanda ya tsallake allura, ko ya wuce shekara ɗaya, a kai shi, ma'aikata za su duba abin da ya rage masa.