Ruwa Na Ƙasa, Amma A Ina Za A Tona?

Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Wannan karin magana gaskiya ce a Haɗeja da Gumel, amma a ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa tana bukatar gyara. A can, maginin rijiya kan yi gaba goma ya ci karo da fa, alhali maƙwabcinsa ya tarar da ruwa tun bai gaji ba. Asalin wannan bambanci yana cikin tsohon dutsen da ƙasar ta zauna a kansa, kuma rashin kula da shi na jawo asarar dukiyar jama'a.

Masana ilmin ƙasa suna kiran wannan dutse da sunan dutsen tushe, domin shi ne ɓawon duniya na asali wanda sauran shimfiɗu suka hau kansa. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo a wannan sashe na Afirka. Zafi da matsi suka narkar da wasu duwatsu, suka lanƙwashe wasu, suka bar dogayen tsage-tsage a jikin ɓawon. Daga baya, wajen shekara miliyan 170 da suka wuce, narkakken dutse ya sake kutsowa a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, ya daskare tare da kuzar da aka daɗe ana haƙa a wurin.

A kudancin Kano wannan dutse yana fili, ana ganin sa, ana shanya hatsi a kansa. Amma idan aka nufi arewa maso gabas, sai ya riƙa nutsewa sannu a hankali ƙarƙashin yashi da yumɓu, har a Barno ya kai zurfin kilomitoci. Wannan ƙaton kwano shi ne kwarin Cadi. Dutsen da ake takawa a Kiru, irinsa ne gindin kwanon.

To, me ya sa kwanon ya yi zurfi a wani wuri, ya yi tudu a wani? Sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, Afirka ta rabu da Amurka ta Kudu, tekun Atilantika ya buɗe. Da aka ja ɓawon ƙasa, sai ya yage a wurare da dama ta bin tsofaffin tsage-tsagen nan, kamar yadda tufa ke yagewa ta tsohon ɗinki. Inda ya rufta, sai aka sami zurfafan ramuka, koguna da teku suka cika su da laka. Haka kwarin Binuwai ya samu, haka na Termit a Nijar da na Doba a Cadi. A irin waɗannan ramuka ne matattun halittu suka binnu, zafi ya dafa su suka zama man fetur. Cadi ta fara fitar da man Doba a 2003, Nijar ta fara haƙo na Agadem a 2011, Nijeriya kuma ta ƙaddamar da aikin Kolmani, tsakanin Bauci da Gombe, a 2022. Ke nan tsohon dutse shi ya tsara inda kwari zai kasance, da zurfinsa, da abin da zai ƙunsa.

Bugu da ƙari, dutsen tushe ne ke ciyar da kwanon. Ruwan sama na ragargaza shi, Kogin Kano da na Calawa suna kwasar yashin su miƙa wa Kogin Haɗeja, ya wuce da shi dausayin Haɗeja da Nguru. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, yanzu tana tare wani kaso na wannan yashi.

Darasin da ya fi shafar talaka shi ne na ruwan sha. A cikin kwari, ruwa na kwance tsakanin ƙwayoyin yashi, shimfiɗa guda mai faɗin gaske. Shi ya sa a Barno aka taɓa haƙa rijiyoyin burtsatse da ruwa ke tunkuɗowa da kansa ba tare da famfo ba. A kan dutsen tushe kuwa, ruwa yana maƙale ne a wuri biyu kacal: cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, da cikin tsage-tsage. Taku kaɗan na iya raba rijiya mai albarka da busasshen rami. Saboda haka kuskure ne babba a zaɓi wurin burtsatse don kusancinsa da gidan wani mai faɗa a ji, ko a ɗauko tsarin da ya yi aiki a Jigawa a ɗora wa Doguwa.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Akwai na'urar da ke tura lantarki cikin ƙasa ta nuna inda dutse ya ruɓe ko ya tsage, kuma kuɗin awon bai kai komai ba idan aka kwatanta da na ramin da ya ƙafe. Ya kamata a wajabta wannan awo kafin a ba da kowace kwangilar burtsatse. Haka nan a riƙa adana bayanin kowace rijiya, har wadda ba a dace ba, domin ita ma shaida ce. Ɗaliban ilmin ƙasa na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello za su iya tattara waɗannan bayanai su zana taswirar tsage-tsagen kowace gunduma. Dajin Falgore kuma a kare shi daga masu sara, domin inda itatuwa suke ruwan sama ya fi samun damar tsuma cikin ƙasa.

Jama'ar kudancin Kano suna zaune a kan abin da wasu ke kashe miliyoyi su leƙa ta ramin haƙa. Idan an karanta shi da kyau, mai tona zai san inda zai tona.