A buɗe ƙaramar ƙofar jami'a ga waɗanda aiki ya riƙe



Yau maganarmu a kan waɗanda suka ci bak, amma rayuwa ta hana su zaman jami'a. Duk mun san su: malamin kwantaragi a ƙauyukan Illela, ma'aikacin kamfanin siminti na Malbaza, mai riƙe da littafin kuɗin manoman albasa a Galmi, uwar ƴaƴa a Ƙonni. Ba za su iya ajiye aiki da iyali su tare a Tawa shekara 3 ba. Amma darasi ɗaya ko biyu, na lissafin kuɗi ko na shari'a, wannan za su iya.

Tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi ya yanka karatu gunduwa-gunduwa. Kowane darasi da nauyinsa, wanda ake kira kiredi. Zango ɗaya kiredi 30 ne, shekara 60, lisans 180. Darasin da ka ci ya zama naka, ana ajiye maka shi kamar kuɗi a asusu. To, tunda haka ne, me zai hana mutum ya riƙa zubi kaɗan-kaɗan?

A al'adar jami'a da muka gada daga Faransa akwai ɗalibi mai saurare kawai. Yana shiga aji, yana rubutu, amma ba ya jarrabawa, ba ya fita da kiredi ko ɗaya. Ilimin ya shiga kai, gaskiya ne. Sai dai ranar da aka ce kawo takarda don ƙarin girma, hannunsa wayam.

Shi ya sa muke kira ga Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da ma'aikatar ilimi mai zurfi: a ba irin waɗannan mutane damar yin rajistar darasi guda, su zauna jarrabawa, a rubuta musu kiredinsu. Kuma dokar ta fito fili. Wa ya cancanta? Kiredi nawa zai iya ɗauka a zango? Jika nawa ne kuɗin kowane darasi? In daga baya ya shiga lisans sosai, nawa za a lissafa masa cikin 180 ɗin? A rubuta amsoshin da Faransanci da Hausa, tunda a 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa, a kafe, a karanta a rediyo. Dokar da ba a sani ba, mai uwa a gindin murhu kaɗai take yi wa amfani.

Wasu za su ce azuzuwa sun riga sun cika, wasu kuma su ji tsoron a mai da abin kasuwar takardu. Tsoronsu na kan hanya. Maganinsa shi ne a fara ba ɗaliban dindindin wuri, a ƙayyade yawan na waje, sannan jarrabawa ta zama ɗaya ga kowa, takarda ɗaya, mai gyara ɗaya, babu sassauci.

Zaɓin da ke gaban malamin nan na Illela bai kamata ya zama ko albashi ko karatu ba. Ku da abin ya shafa, ku haɗa kai ta ƙungiyoyinku ku rubuta wa shugabannin jami'a. Wane darasi za ku fara ɗauka in ƙofar ta buɗe? Muna saurarenku.