AIKIN HANNU A GIDA: Mai Tsaron Kwamfuta

A watan nan za mu ƙera ƙaramar ƙararrawa domin kwamfuta irin ta kan tebur, wadda ake bari tana aiki babu kowa a wurin, kamar mai ɗaukar hoton ƙofar makaranta ko ta ofishin ekklesiya. A cikinta akwai wani akwatin ƙarfe mai fanka, shi ne yake karɓar wutar bango mai ƙarfin bolt 230, yana rage ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3. Ran da akwatin nan ya mutu, kome yakan tsaya shiru. Kwamfutar ba za ta iya yin kuka ba, gama bakinta ma daga wurin yake ci. Sai ran da aka nemi hoton daren jiya a tarar babu.

Mun tuna da mai tsaro na cikin Ezekiyel sura 33, wanda aikinsa ke nan ya busa ƙaho. Namu mai tsaron dole ya kasance da guzurinsa dabam, wato batir mai bolt 9.

Ku je wurin mai gyaran rediyo ku nemi rile mai bolt 12, da 'yar ƙararrawar da suke kira baza (irin mai kuka da kanta da zarar ta sami wuta), da diyod mai lamba 1N4007, da ƙaramin makunni. Rile ƙaramin maganaɗisu ne mai jan harshen ƙarfe. Muddin wuta tana ratsa naɗin wayarsa, yana riƙe da harshen. In ta yanke, sai ya sake shi.

A zare kwamfuta daga bango tukuna. A nemi filogi mai ramuka 4 cikin waɗanda suke fitowa daga akwatin: waya rawaya ita ce bolt 12, ja bolt 5, baƙaƙe biyu na komowa. A haɗa rawaya da baƙa ɗaya ga ƙafafun naɗin rile. A gitta diyod a kan ƙafafun nan, gefen mai zobe yana wajen rawaya. A lura ƙwarai, in aka juya shi zai gama wuta. Sa'an nan a jera batir, da makunni, da baza, a bi da su ta ƙafafun rile masu alamar COM da NC, a like da dalma. Wutar batir ba ta gamuwa da ta kwamfuta ko kaɗan.

Iyaye, ku ji wannan da kyau: kada yaro ya kwance akwatin ƙarfen nan. Cikinsa akwai ma'ajin wuta da ke iya riƙe fiye da bolt 300, ko bayan an zare filogi. Duk aikinmu a waje yake.

Mai tsaron nan yana da iyakarsa. In wutar ta yi rauni kawai, rile ba zai saki ba, sai ta fāɗi ƙwarai. Kuma bai san bambancin mutuwa da barci ba, ko ku ne kuka kashe kwamfutar zai yi kuka. Amfanin makunni ke nan, amma wanda ya kashe shi da yamma ya tuna ya kunna da safe. A riƙa gwada shi sau ɗaya a wata, gama batir yakan ƙare a zaune.